Kananzir a Gorar Lemo

Shekarar da matata ta haifi bakwaini, sama da wata guda ta yi a asibiti a birni, mahaifiyarta na jinyarta. Aka bar ni a gida da 'yarmu ta fari, wadda ba ta cika shekara uku ba. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, ƙanwata kuma tana aure can wajen Bagwai, tana fama da nata yaran. Gidanmu ne na ƙarshe a unguwa, daga katangarmu sai gonaki. Lokacin kaka ne, kowa na gona. Da hantsi in ka tsaya a tsakar gida ba ka jin komai sai kukan kurciya.

Abin da na fara ganewa shi ne ban iya hura wuta ba. Sai in cika gida da hayaƙi, yarinya na kukan yunwa. Don haka na sayo kananzir a bakin titi, mai shagon ya zuba mini a gorar lemo ta roba. Na ajiye ta a gindin murhu, inda hannuna zai kai da sauƙi.

Wata safiya na shiga ɗaki ɗauko garin kunu. Ban jima ba na ji tari, irin wanda ban taɓa ji daga bakin yarinyar ba. Na fito na tarar da ita zaune, gorar a cinyarta, gaban rigarta ya jiƙe, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Ta san gorar sarai. Irinta nake sayo mata ranar kasuwa.

Na sure ta na yi gidan maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ciwon ƙafa ya hana zuwa gona. Ta shinshina bakin yarinyar ta ce, “Malam, miƙo mini manja mu ɗura mata, in sa yatsa ta amayar.” Na ɗauko kwalbar da ta nuna, babu ko ɗigo a ciki. Ban tsaya neman wani ba. Na ɗaure yarinyar a ƙirjina da zanen uwarta, na hau babur zuwa ƙaramin asibitin da ke bakin titi.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta tambaye ni, “Kun sa ta amai?”

Na ce, “A'a, manjan ne ba mu samu ba.”

Ta ce, “To Allah ne ya taimake ku. Kananzir in ya dawo ta maƙogwaro, huhu yake shiga.”

Ta cire mata rigar, ta wanke mata jiki, ta kwantar da ita tana duba numfashinta har la'asar. Ni ina kan benci. Mata biyu da suka kawo awo suna kallona suna ƙus-ƙus, ba wadda ta yi mini magana. Da za ta sallame mu, ma'aikaciyar ta ce, “Malam, in ka koma, ka durƙusa ka zaga gidanka da rarrafe. Abin da ka gani daga nan, shi take gani.”

Washegari bayan azahar, da barci ya ɗauke yarinyar, na rufe ƙofar gida don kada wani ya shigo ya gan ni, na sa gwiwa a ƙasa. Na ga reza a ƙarƙashin tabarma. Na ga ƙwayoyin ƙarin jini na matata a kan ƙaramin akwati, jajaye kamar alewa. Bokitin wanka cike da ruwa ya kai mini haɓa. Laujena na jingine a inda nake jingine shi tun ina saurayi, maganin ƙwarin da nake sa wa wake yana bayan randa. Da na isa bakin rijiya na dafa itacen da muka rufe ta da shi, sai ya lotsa a hannuna. Gara ta cinye cikinsa. A nan na zauna na daɗe, babu wanda zan ce wa, zo ka gani.

Na kafa katako a sama na kwashe magunguna da duk wani abu mai kaifi na ɗora. Na ja 'yar katangar laka a gaban murhu. Da na je wurin mai walda ya yi mini murfin rijiya mai kwaɗo, wani dattijo da ke zaune a wurin ya yi dariya ya ce, “Mu da muka girma a bakin rijiya, wa ya faɗa?”

Kullum bayan la'asar matata na kira ta ce, “Ya 'yata?” In ce, “Lafiya lau,” in kara wa yarinyar wayar a kunne. Tana da jariri a cikin kwalbar bakwaini, ban ga abin da zan ƙara mata ba.

Sai da ta kwana uku da dawowa, ta nemi maganinta ta ga sai ta taka turmi kafin ta kai, sannan ta tambaye ni dalili. Na gaya mata komai. Ta ajiye jaririn, ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya, tana shafa mata ƙirji.

Ta ce, “Da ka gaya mini.”

Na ce, “Me za ki iya daga can?”

Kwana biyu ta yi, in ba sallama ba ko “ga abinci”, ba abin da ke haɗa mu.