"Ol Koret, Sa": Kalmar Da Yayana Ya Fi Tsoro

Da damunar bana Yaya Shu'aibu ya cika shekara ashirin da takwas a ƙasa. Ya rasu 'yan watanni kafin a yi mana jiha, bai ga Lafia ta zama babban birni ba. A saninsa, komai sai an je Jos. Mutanen gari da Kyaftin suka san shi. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, kuma ni ce telar da ta shekara ashirin tana ɗinka wa mutanensa safa da maɗauri. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Tsufa ya fara taɓa ni, kuma akwai wata magana da nake tsoron in shiga kabari da ita.

A 1976 aka damƙa masa wurin, bayan ya bar soja. Ɗaki biyu ne da rumfar kwano, inda ake yi wa tsofaffin sojojin da yaƙin basasa ya nakasa ƙafar katako da ta roba, da sandunan dogarawa, ana kuma gyara musu keken guragu. Shi ke rubuta sunaye, shi ke auna dungu, wato abin da ya saura na ƙafa bayan yanka, shi ke bin sawun ƙarafa da robobi daga Jos har su iso. Malam Tanko kafinta ke sassaƙa, ni kuma kekena na ɗinki yana gefe. Yaya ya yi yaƙin a ɓangaren masu jinya, ya dawo ko ƙwarzane babu a jikinsa. Bai taɓa faɗa ba, amma na san kunyar wannan yake ji a gaban mutanen nan.

Abu ɗaya yake gadi a duniya, gwiwa. Wanda aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa, idan aka dace da aiki, zai yi noma, zai hau keke, zai durƙusa ya yi salla. Wanda aka yanke sama da ita kuwa, da irin kayan aikinmu na wancan zamani, sai dai a yi maneji. Ita kuma gwiwar ƙaramin abu ke cinye ta. Ramin da dungu ke shiga, wanda muke ce wa soket, idan ya matse ko ya yi sako-sako sai ya riƙa gurzar fata. Gurza ta zama ƙuna, ƙuna ta zama gyambo, gyambo ya ruɓa, likita ya sake ɗaukar wuƙa ya hau sama. Maganin duka bai wuce mutum ya buɗe baki ya ce "nan yana ci na" ba.

To, a nan gizo ke saƙar, domin mutanenmu sojoji ne.

Kofur Ayuba na Agyaragu ya koya mana wannan. Manomin doya ne, gajere, mai yawan dariya, an yanke masa ta hagu ƙasa da gwiwa. Ya jira layi kusan shekara kafin ƙafarsa ta fito. Ranar da aka sa masa, Yaya ya ce ya taka ya je ya dawo, sannan ya tambaye shi yadda yake ji. Kofur ya ƙame, ya buga ƙafar katakon a ƙasa, ya sara, ya ba da amsar nan ta soja mai nufin komai daidai.

"Ol koret, sa!"

"Ba inda yake matse ka?"

"Ol koret, sa!"

Muka yi dariya, har da tafi. Ina kallon zufa tana tsattsafo masa a goshi, na ɗauka zafin rana ne. Ya tafi gida da ƙafarsa, ya shiga gona ya yi ta noman doya a kanta.

Bayan wata biyu aka kawo shi kwance a bayan a-kori-kura, matarsa Saratu na riƙe da kansa. Tun kafin a sauko da shi warin ya iso rumfa. Har yau idan na tuna warin nan sai tsikar jikina ta tashi. Saratu ta ce, "Oga, sati uku ina ce masa mu zo, ya ce soja ba ya kai kara." Yaya ya kwance tsummokaran da Kofur ya cusa a soket don rage zafi, ya duba, ya miƙe ya ce a wuce da shi asibiti. A asibiti aka cire gwiwar.

Da Kofur ya farfaɗo Yaya ya tambaye shi dalili, ina tsaye. Ya ce, "Sa, gwamnati ya ba ni kafa. Kai oga, ka durkusa ka sa mini da hannunka. Ni kofur zan bude baki in ce bai yi kyau? Kuma na ji tsoro za a karba a ba wani, ni in koma karshen layi." Ko kwance yake, sai da ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu ya sara.

Daga ranar Yaya ya tsani kalmar nan, ko in ce ya ji tsoronta, don tsoro ne zalla. Idan wani ya ce "ol koret" sai in ga fuskarsa ta sauya. Ya hana sarawa a cikin rumfa. Ya ajiye hular sojan da yake taƙama da ita, ya sa Malam Tanko ya yi masa 'yar kujera irin ta mata don ya riƙa zama ƙasa da su. Duk a banza. Mutum zai kalle shi a kan kujerar tsugune, hawaye na neman zubo masa don azaba, ya ce ol koret. Ni har nakan tsokane shi in ce, "Yaya, ko zane ka ɗaura, Kyaftin za su gani."

Sai ya daina tambaya gaba ɗaya. Ya sa na riƙa ɗinka farar safa ta auduga daidai dungun kowa. Ya sayo bula, wannan shuɗin garin da muke zubawa a ruwan wanki, ya riƙa barbaɗa ta a cikin soket. Mutum zai sa safa, ya sa ƙafa, ya taka zuwa gindin mangwaron da ke bakin hanya ya dawo sau goma. Da an cire, duk inda katako ke cin nama sai shuɗi ya fito ɓaro-ɓaro a kan farin. Malam Tanko ya kankare wurin, a sake. Ban da wannan ya kafa doka: duk wanda ya shigo rumfar, ko gaisuwa ta kawo shi, sai ya kwance ƙafa an duba da ido, an shinshina. Ranar kasuwar Obi ko Ashige yakan hau babur ya je ya ritsa su ba shiri, ya tsayar da dattijo a bayan rumfar mai nama ya ce kwance. Suna ƙunƙuni, matansu na sa masa albarka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ƙafafun da ake kawowa yanzu ba nauyi, an ce wasu har gudu ake yi da su. Na san zai ɗauka ya jujjuya, ya jinjina, ya yaba. Daga nan sai ya tambaya wa ke duba dungun bayan wata biyu, kuma ina jin nan za a fara kallon juna. Watan jiya a tashar Obi na ga wani saurayi, askinsa da tsayuwarsa na soja. Ban ga komai a wandonsa ba, kunnena ne ya ji: wannan 'yar ƙarar iska da soket ke yi idan ya yi wa dungu yawa. Na matsa na ce, "Ɗana, ƙafar nan ba ta cin ka kuwa?" Ya miƙe ƙyam ya ce, "Lafiya lau, Mama, ba matsala." Ya shiga mota ya tafi, ko sunansa ban sani ba, kuma kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Yaran da ake dawowa da su daga yaƙi a daji yanzu jikokin su Kofur ne a shekaru, amma bakin iri ɗaya ne.

Yanzu bari in zo kan maganar da nake ta kewaye-kewaye.

Yaya yana da ciwon suga, kowa ya sani. Matarsa ta riga shi da shekara biyu, 'ya'yan sun watse, aure da karatu, shi kaɗai yake kwana a sashensa. A farkon damunar 1996 na lura ya daina alwala a bakin randa tare da su Malam Tanko. Ya sayi huffi ya koma shafa a kai, yana salla a ofis. Ya koma sa takalmin soja wuni guda, ya kuma shiga fesa turare, mutumin da a da yake ce wa turare aikin 'yan daudu da angwaye.

Rannan ya miƙo mini takarda da awo ya ce in ɗinka safa, in sa auduga mai kauri a ƙarƙashin babban yatsa. "Ta wani mutumin Obi ce," in ji shi, yana kallon waje. Safar dungu ba ta da diddige, ba ta da yatsa, jaka ce kawai. Wannan awon na cikakkiyar ƙafa ne. Kuma tafin ƙafa mai wannan tsawon guda ɗaya na sani a Lafia, irin na mahaifinmu.

Na ce, "Yaya, ƙafarka lafiya kuwa?"

Ya yi dariya, ya ƙame, ya sara mini. "Ol koret, Ladi."

Na yi dariya ni ma. Wallahi na yi dariya. Na ɗinka safar na ba shi. Bayan kwana biyar ya ce a ƙara, na ƙara. Huɗu na ɗinka. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina kunya ce, ƙanwa ba ta tsayar da yayanta ta ce cire takalmi. Fakewa nake yi. Gaskiya tsoro ne: na san abin da zan gani, na san wurin da za a kai shi, na san abin da za a ɗauko a can. Muddin ban gani ba, sai nake ji kamar bai faru ba.

Wata Litinin da hantsi yana durƙushe yana gwada wa wani matashin soja da aka dawo da shi daga yaƙin Laberiya ƙafa, sai ya kasa tashi. Jikinsa zafi rau. Takalmin ya ƙi fita, sai da Malam Tanko ya farke shi da wuƙar yankan fata. Ashe ƙusa ce ya taka a rumfar tun makonni, sugan ya hana shi jin zafi da farko, da ya gani kuma ya rufe. Ba zan kwatanta muku ba. A asibiti aka yanke sama da gwiwa, amma dafin ya riga ya shiga jini. Kwana tara ya yi. A cikinsu, sau ɗaya hankalinsa ya dawo sosai, ya riƙe hannuna ya ce, "Ladi, shekara ashirin ina gaya wa mutane yanka ba ƙarshen duniya ba ne. Ashe ni ban yarda ba."

Idan na zauna ina auna abin da ya saura nasa, ba shi da yawa a ido. Rumfar ta zama shagon sayar da waya. Mangwaron an sare da aka faɗaɗa hanya. Ƙafafun katakon gara ta cinye, masu su ma kusan duk sun bi shi. Amma na san dattawa a Ashige da Agyaragu da aka binne da gwiwoyinsu, bayan sun yi noma sun aurar da 'ya'ya a kansu, kuma na san ba don bakinsu ba ne. Ɗan Malam Tanko da ya gaji sana'ar ya ce mini har yanzu ba ya sallamar mutum sai ya ga dungu da idonsa. Wannan ya isa mutum ya tafi da shi gaban Ubangijinsa. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa aikin ya zame masa haske.

Nawa kason daban ne. Ranar addu'ar uku, Kofur Ayuba ya zo daga Agyaragu a kan kekensa na guragu, ya tsufa, dariyar nan ta tafi. Ya ƙi tsayawa wajen maza sai da aka turo shi har ƙofar ɗakin da nake. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya tambaye ni.

"Madam, oga ya duba mu duka. Shi ba wanda ya gani? Ba mutum daya da zai ce masa cire takalmi?"

Mata cike da ɗaki. Na ce masa, "Kofur, ba wanda ya sani. Ya ɓoye wa kowa." Ya gyaɗa kai, ya yarda da ni, aka juya kekensa aka tafi. Shi ma ya rasu tuntuni, ban sake ganinsa ba balle in gyara.

Kofur, ƙarya na yi maka. Akwai wadda ta sani. Awon a hannuna yake, na karanta, na gane ƙafar wa ce, na zauna a kan keke na ɗinka masa abin da zai rufe ta da shi, har sau huɗu.