Aladun Gonar Inna

Duk faɗin Makka ba za ka ga alade ba, ko a hoto. Amma ni a garin nan na yi shekaru ina kwana da aladu ina tashi da su. Ina tuƙa tasi tsakanin unguwar Hindawiyya da Harami, waya a kunne, Inna tana ba ni labarin ɓarnar da suka yi mata jiya.

Gonar rogonta tana bakin fadama a ƙarshen ƙauyenmu, daga ita sai daji. Tun rasuwar mahaifinmu take riƙe da ita, ta kuma ce daga gonar nan sai kabari. Yayana da ke Kano ya fi kowa sanin ya kamata, a ganinsa dai. Ya yanke hukunci cewa in aladun daji suka sake cinye rogon bana, zai sayar da gonar, ya ɗauko Inna ya ajiye ta a ɗakin da ya gina mata. Ita kuwa ta fi tsoron ɗakin nan a kan aladun.

Da can ba mu san wannan masifa ba. Muna da maƙwabci, wani Bamaguje maharbi, muna ce masa Baba. Shi ke harbe su, shi da iyalinsa ke cinyewa. Ranar da ya yi sa'a ƙauri ya cika unguwa, Inna ta toshe hanci tana a'uziyya. Da kaka kuma ta aika masa da damin dawa. Ba ta taɓa faɗin na mene ne ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Sai ga ni na koma hutu daga Makka, da farar jallabiya da ilimin da bai cika cokali ba, na tasa dattijon nan a gaba. Duk zuwa sai na same shi a gindin tsamiyarsa, in yi ta zuba, yana gyaran tarko yana cewa to. Yau da gobe ba ta bar komai ba, ya karɓi kalmar shahada. Na yi kukan murna ranar, kuma har yanzu shi ne aikin da nake fatan in tarar a gaba. Baba ya rataye bindigarsa. Aladun kuwa babu wanda ya yi musu wa'azi, sai suka ci gaba da hayayyafa.

Babu abin da ba mu gwada ba. An yi shingen ƙaya, suka bi ta ƙasa. An jera gwangwanaye a igiya, suka saba da kiɗan. An yi mutum-mutumi da tsohuwar jallabiyata, suka tone rogon da ke gindinsa. Na aika fitila mai amfani da hasken rana, Inna ta ce na kyauta, yanzu suna ganin abin da suke ci. Na aika zamzam a yayyafa a kan iyaka, ta shanye abinta, ta ce ba za ta zuba wa alade ba. Samarin ƙauye kuwa kowa jarumi ne, har sai an tambayi wanda zai ja mushen.

Ana cikin haka wani attajirin yankinmu ya ba Baba kujerar Makka. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na same shi a masaukinsu, yana naɗe cikin harami, kafaɗa waje. Ko gama gaisawa ba mu yi ba na sako maganar aladu. Ya ɗaga hannu.

"Ɗana, malaminmu ya ce mai harami ko nuna dabba da yatsa ba ya yi. Kai da ka koya mini, kai za ka ɓata mini?"

Na haɗiye maganata na jira. Abokan ɗakinsa suka ba ni labarin cewa a wurin jifa tsakuwarsa ba ta taɓa kuskure ba. Na ce alhamdu lillahi, hannun yana nan.

Da aka gama aikin hajji na ɗauke shi zuwa unguwar Zahir, wurin wani malami Bahaushe wanda kakanninsa suka zo ta Sudan a ƙafa. Hausarsa rabi Larabci ce. Na zayyana masa komai, ya juya ga Baba.

"Ya hajji, ma fi mushkila. Dabba in tana fasadi a gona, kashe ta ja'iz ne. Bas kada ka ci, kada ka sayar. Ka haƙa rami ka rufe, halas."

Baba ya gyaɗa kai, ya shanye shayinsa, ya yi godiya. Ni har na fara tsara yadda zan yi wa Inna albishir.

Muna hanyar komawa cunkoso ya tare mu. Rana ta take, motoci sun yi cirko-cirko. Nan Baba ya buɗe baki.

"Malamin nan ya taɓa riƙe bindiga?"

Na ce ban sani ba.

"Ubana ya ce maharbi ba ya kashe abin da ba zai ci ba. Wannan tsohuwar magana ce, ina iya take ta. Amma bari in gaya maka abin da ban gaya wa malam ba. Tun da na yi shahada, babu daminar da ba na mafarkin naman nan. Ba don tausayin aladu na rataye bindiga ba, don tsoron kaina ne. In na tsaya a kan wanda na kayar, da ɗuminsa, ga wuƙa a ƙugu, babu kowa a dajin, na san halina." Ya dube ni. "Kai ka ɗora ni a hanyar nan. In ka ce in je, gyatumarka za ta ci rogonta bana. Sauran kuma kada ka tambaye ni. Faɗi."

Haushi ya kama ni har wuya. Abin da nake so shi ne ya je ya yi bai gaya mini ba, Inna ta zauna a gonarta, ni kuma ladana yana nan ba a taɓa ba. Wa ya aike shi da wannan gaskiyar? Na tuna Inna a duƙe tana cusa itacen rogo a kunya, na dubi dattijon nan da sabon askinsa, yana riƙe da jakar alhazai a cinya kamar za a ƙwace masa. Na bayanmu ya danna oda, hanya ta buɗe.

Na ce, "Bar su, Baba."

Ya ce, "To." Na kai shi masauki na sauke shi.

A shekarar nan aladu ba su bar ko na ɗanɗano ba. Yayana ya cika alkawari, shi dama ba ya saɓa irin wannan. Baba ya koma gida Alhaji, an ce shi ke fara isa masallaci. Inna tana Kano, a ɗaki mai tayil da fanka, kuma duk baƙon da ya shigo sai ta ba shi labarin ɗanta na Makka da ya musuluntar da mutum sukutum.

Kwanan baya na kira ta, ina tsaye a bakin titi a Hindawiyya ina jiran fasinja. Ta ce ta sayi dafaffen rogo wurin mai talla, duk ɗaci, mutanen birni ba su san lokacin tuge shi ba. Sai ta sauya magana.

"Ka san kafin in taso na aje kunya na je wurin Alhaji da kaina? Na ce ya taimake ni ko sau ɗaya ne. Ya ce mini, Inna, ba a hannuna take ba."

Na mayar da wayar ɗaya kunnen.

Ta ce, "Na ce masa haka ne, komai na Allah ne. Ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne, Inna."

Wani fasinja ya ƙwanƙwasa gilashi yana cewa Harami. Na buɗe masa ƙofa.