Ranar da Na Sa Inna Ta Faɗi Sunana

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, kuma wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama inda na zauna. Ana yaye ni aka kai ni Jega gidan ƙanen babana, can na girma, can na yi makaranta. Ita kuwa tana ƙauyenmu Danwarai tana fama da albasa da goyo. Bayana ta haifi takwas, biyar suka rayu. In zancena ya kama sai ta ce "na Jega", kowa ya gane. Ni kuma Inna nake ce mata, kamar kowa a unguwar.

Ban taɓa zaton ba ta sona ba, kada in yi mata ƙarya. Duk shekara in an cire albasa, ita ke tara ganyen ta daka, ta cura gabu ta shanya, kuma ƙullin farko Jega yake zuwa. Ba ta cewa a kai wa wane. Cewa take a kai gidan ƙanen maigida, mutanen birni sun fi mu son miya.

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ina ƙaramin ma'aikaci, da biro uku a aljihu da girman kai da ya fi albashina. Aka ce kowa ya kawo shaidar asalinsa da ta shekarunsa kafin a ba shi kujera a sabuwar jiha. Ni ba ni da takardar haihuwa, don a ɗakin kakata aka haife ni. Sai dai a kawo babba ya yi shaida. Babana ya rasu, ƙanensa ma ya bi shi. Saura Inna.

Na aika ƙanwata ta ɗauko ta. Suka iso da hantsi a bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan albasa. Inna ta ɗauro zanen da take ajiyewa a ƙasan akwati saboda biki, amma warin albasar ya riga ya kama shi. Abin da na fara lura da shi ke nan, Allah Ya yafe mini. Na wuce gaba da sauri, suna bina a baya kamar ba tare muke ba.

Akawun da ke karɓar shaidar wata mata ce Kirista, daga nesa aiki ya kawo ta, amma ta daɗe a Jega. Ofishin cike yake da ma'aikata irina, kowa rungume da fayil. Ta ba Inna kujera, Inna ta ƙi, ta zauna a siminti. Ta tambaye ta shekarar da aka haife ni. Inna ta dubi ƙanwata ta ce shekarar da gulbi ya cinye gonakin fadama. Wani ya yi dariya a bayana. Matar ba ta yi dariya ba, ta lissafa da wani dattijon masinja, suka fitar da shekara.

Sannan ta ce, "Mama, mene ne sunan ɗan naki?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ta ja mayafi ta rufe baki.

Matar ta dube ta, ta dube ni, sai ta ajiye biro. "Af, ɗan fari ne ko? Yi haƙuri, Mama. Bari in karanta, in daidai ne ki ɗaga kai kawai."

Kun ji fa. Baƙuwa, wadda ba addininmu ɗaya ba, ba garinmu ɗaya ba, ta samo mana hanya. Da na kama bakina, da yanzu ba ni da abin rubutawa. Amma dariyar nan tana cina, ina so ɗakin ya san ni na waye ko da daga ƙauye na fito. Na ce a'a, doka ta ce da baki, a yi da baki. Babu dokar da na sani, ni na ƙirƙiro ta a tsaye. Na juya kan Inna, karo na farko a rayuwata na yi mata magana kai tsaye gaban mutane, kuma da tsawa.

"Inna, hwaɗi mu tahi. Sunan ga ba zagi ba na. Kin tara muna mutane, ana ta kallonmu."

Ƙanwata ta kama hannun rigata, na fizge. Inna ta sauke mayafin. Ta faɗi sunana, a hankali, idonta a siminti, kamar mai tauna tsakuwa a cikin tuwo. Babu wanda ya sake dariya. Dattijon masinjan ya tashi ya fita. Matar ta buga hatimi ta miƙo mini takardar ba tare da ta dube ni ba. Na samu kujerata.

Tun a bakin ƙofa na san na yi ɓarna, kuma na san maganinta: in durƙusa in nemi gafara. Ban yi ba ranar, na ce sai hankali ya kwanta. Ban yi ba da salla, saboda gidan ya cika. Daga nan abin ya zama sai wani zuwan. Kunyar ɗan farin da na wulaƙanta a ofis, ita na koma na laɓe a bayanta. In na je sai in tsaya bakin ɗaki in gaishe ta, in ajiye goro da atamfa, in ce ai al'ada ba ta bar ni in zauna da ita ba. Ga shi al'ada ta dawo da daraja, tunda yanzu ni take rufa wa asiri.

Allah Ya ba ta tsawon rai, Ya ba ni lokacin da ban cancanta ba. Ta aurar da autarta, ta wanke jikoki fiye da ashirin da hannunta, ta ga 'ya'yan jikoki. Da su ba ta da kunya ko kaɗan. Babban ɗana in ya je hutu sai ta ce ga maigidanta ya zo hannu rabbana, ko kifin gulbi bai riƙo ba, ta sake shi. Su yi ta faɗa har ta yi tari don dariya. Ina jiyo su daga zaure, ina jin haushi, ina jin kishin ɗan cikina. Da ƙafafunta suka gaza, ƙanwar tawa ta ɗauke ta zuwa gidan aurenta a Maiyama.

Can na same ta wata damina, bayan an aiko cewa jiki ya yi nauyi. Tun daga Jega nake shirya kalmomina a mota. Na shiga ɗakin, na zauna ƙasa kusa da tabarmarta, abin da ban taɓa yi ba. Ta rame ƙwarai. Ta juya fuskarta bango, ta kira ƙanwata, ita ta yi wa magana.

"Ce ma na Jega ina neman gahwara. Ranar da munka tai ohis, na kunyata shi gaban manyan mutane. Ni ban san aikin gwamnati ba. Abin ga na nan cikin raina tun ran nan."

Shekara goma sha wani abu tana ɗauke da laifina a matsayin nata. Ƙanwata ta zuba mini ido, ta san komai, tana ofishin ranar. Abin da ya rage mini kaɗan ne: in ce a'a, Inna, ni na yi laifi. Bakina ya buɗe, sai na ji abin da ya fi sauƙi ya fito.

Na ce, "Ba komi. Na yahe."

Inna ta ce alhamdu lillahi, ta sauke ajiyar zuciya, ta ce a dama mata fura. Ta sha da yawa ranar, har ƙanwata ta yi mamaki. Na zauna kaɗan, na ce hadari na haɗuwa, gara in kama hanya. Ba ta kai kaka ba ta rasu.

A wurin zaman makoki mutane suna ta faɗin cewa ta tafi ba ta riƙe kowa ba, kowa kuma ya yafe mata, har ɗan farinta. Ina zaune a kan tabarma ina amsa musu da amin.