Mai Buɗe Famfo a Motar Orval

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a hamadar da ke kudu da garin Quartzsite ya san Orval Nygaard, ko dai a ce ya san ƙafafunsa, don su aka fi gani: ƙafafu biyu cikin tsohon takalmin aiki, sun leƙo daga ƙarƙashin motar wani. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran bas-bas na makarantu a arewacin jihar Minnesota. Da ya ajiye aiki, shi da matarsa Verla suka sayar da gidansu, suka sayi motar gida mai tsawon ƙafa arba'in, da ɗakin kwana, da kicin, da banɗaki, har da ɗan falo. Ita ce gidansu, ba su da wani.

Kunne ne da Orval. Mutum zai zo yana sosa ƙeya ya ce motarsa na wata irin ƙara, Orval ya tsaya ya karkata kai, kafin mai motar ya gama bayani ya riga ya faɗi abin da ya lalace. Ladansa gahawa mai zafi, amma sai ka jure masa faɗa. Ba ya ƙaunar mutumin da ke jin ƙara a motarsa ya ƙara wa rediyo murya.

Abin da ya fi yi wa mutane faɗa a kai shi ne injin ruwa. Motar gida a hamada ruwanta na cikin tanki ne a ƙarƙashi, da wani ɗan inji da ke tura shi cikin bututu. Ka buɗe famfo, injin ya tashi da gurnani, ka rufe ya yi shiru. In kuwa ya tashi shi kaɗai babu wanda ya taɓa famfo, to wani wuri na yoyo, kuma ruwan da ke yoyo a ɓoye katakon daɓe yake ci. Orval ya faɗi wannan magana fiye da sau ɗari, yana kaɗa wa mutane sufana a fuska.

Tsarinsu shi da Verla ba ya canzawa. Da bazara su faka motar a bayan gidan 'yarsu Janelle su zauna a ciki. In Oktoba ta yi, sai su koma ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Janelle su yi Kirsimeti da jikoki, sannan su kama hanyar kudu. Kafin su bar motar a sanyin Minnesota dole a fitar da duk ɗigon ruwan da ke cikin bututu, in ba haka ba ya daskare ya fasa su. Aikin mutum biyu ne. Orval ya tsaya a waje da injin hura iska, Verla tana ciki tana buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya har sai iska zalla ke fita. In ta gama da ɗaya ta bugi bango sau biyu, ya sake hura wa na gaba. Shekara goma sha ɗaya suna haka, bututu bai taɓa fashe musu ba, kuma Orval ya ɗauka gwanintarsa ce.

A Oktoban shekarar sha biyu Verla tana gadon asibiti. Shi kaɗai ya yi aikin, da sauri, yana shiga yana fita, hankalinsa na can wurinta. Ya hura wa na kicin, da na wanke hannu, da na wanka, da na masai, da na waje, ya kulle mota ya koma asibiti. Cikin Nuwamba ta rasu.

Janelle ba ta so ya tafi ba. "Baba, shekararka saba'in da shida. Mil kusan dubu biyu, kai kaɗai, a cikin wannan ƙatuwar?"

"Ƙatuwar ta fi ki jin maganata."

"To mu yi alkawari. Ranar da ta fi ƙarfinka, ka dawo mu sayar, ɗakinka yana nan. Zan zo a watan Maris in duba da idona."

Ya yi alkawari, don ya san babu motar da ta taɓa fin ƙarfinsa. Ɗakin ƙasan nan kuwa, mai taga ɗaya da ba a ganin komai ta cikinta sai tayoyin motar maƙwabci, tsoronsa yake ji fiye da mutuwa.

Ya iso hamada farkon Janairu, ya faka a inda suka saba, kusa da wata busasshiyar ƙorama. Ya cika tanki, ya kunna inji, ya zauna a falo da la'asar yana kallon duwatsu. Ƙofar ɗakin kwana tana rufe, don tun rasuwarta bai shiga ba, a kan doguwar kujera yake kwana. Can sai injin ruwa ya yi gurnani, ɗan gajere, ya yi shiru.

"Verla, in kin gama miƙo mini tabarau," in ji Orval.

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Verla mace ce mai yawan ɗauraye hannu, ta taɓa albasa ta ɗauraye, ta taɓa takalmi ta ɗauraye, kuma zaman hamada ya koya mata tattalin ruwa, sai ta buɗe ta rufe nan take. Shekara da shekaru yana zaune a wannan kujerar yana jin wannan gajeren gurnanin daga bayansa, yana tsokanarta cewa wata rana za ta wanke zanen tafin hannunta. Ya zauna bai motsa ba. Bayan kamar minti ashirin injin ya sake yi.

Ya san ko mene ne. Mutumin da ya koya wa rabin hamadar nan ma'anar wannan ƙara ba zai ce bai sani ba. Makunnin injin yana nan a bango, tsakaninsa da shi taku biyu. Bai kashe ba, ranar nan da washegari da duk satin.

Maƙwabcinsa na shekara tara shi ne Hoyt Pickard, tsohon direban tirela daga Oklahoma, mutum mai ƙaton ciki da bakin da ba ya hutawa. Kullum bayan abincin rana yakan zo su yi karta. Suna cikin rabo injin ya yi gurnani. Hoyt ya ɗaga gira.

"Kai tsoho, baƙuwa ka ɓoye a banɗaki? Da wuri haka?"

"Ja kartarka."

"A'a, ni dai tambaya na yi. Bara ka kusa cinye ni ɗanye a kan irin wannan ƙarar, a gaban matata, har ka ce jakin dawa ya fi ni kunne. Yau ga ta a gidan malam."

"Zan duba."

"Yaushe?"

"Na ce zan duba, Hoyt. Ko ka yi wasa ko ka tafi ka dami matarka."

Bai duba ba. Kuma gaskiya, kwanakin nan ya fi samun sauƙi. Ya koma cin abinci a kan tebur maimakon a tsaye. Yana soya naman barewa da safe injin ya yi gurnani, sai ya ce, "Na ji, na rage gishiri." Yana karanta jarida ya yi, sai ya karanta labarin da ƙarfi. Wani lokaci ƙarar kan yi jinkiri, ya ajiye abin da yake yi ya kasa kunne har sai ta zo. Tankin da kan yi musu kwana goma su biyu, yanzu kwana shida yake yi masa shi kaɗai. Wani wari mai sanyi ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin kwana, sai ya tura tsohon tawul ya toshe wurin.

Tsakiyar Fabrairu, da hantsi, Hoyt ya buga masa ƙofa, babu wasa a fuskarsa.

"Fito ka ga wani abu."

Ya zagaya da shi bayan motar. Bangon gefen ɗakin kwana ya kumbura daga ƙasa. Hoyt ya danna da babban yatsa, wurin ya lotsa, ruwa ya tsattsafo. A ƙasa kuma, a kan tsakuwar da ba ta ga ruwan sama ba tun Disamba, ciyawa ta tsiro shar.

"Lambu kake yi mana?" in ji Hoyt.

"Na sani."

"Ka sani! To me kake jira? Sai gadon ya faɗo ta ƙasa?"

Orval ya daɗe yana kallon ciyawar. "Haka Verla take buɗe famfo, Hoyt. Daidai haka. Kada ka kalle ni kamar na zautu, na san ba ita ba ce. Bututu ne ya tsage. Amma ranar da na gyara shi, shi ke nan, motar nan ba kowa a ciki sai ni."

Hoyt ya cire hularsa ya mayar.

"Na so Verla, Allah ya jiƙanta, ta fi ka hankali nesa ba kusa ba. Amma saura sati uku Janelle ta zo. Ta taka daɓen nan ƙafarta ta burma, ka san inda za ka ƙare. Babu ƙarar, babu motar. Faɗa mini, famfo nawa ka hura wa iska bara?"

"Biyar. Duka."

"Da can ma biyar ne?"

Orval ya buɗe baki zai ce ƙwarai, sai ya tsaya. Shi bai taɓa ƙirga famfo ba, bugun bango yake ji. Ya rufe ido ya tsaya kamar yadda yake tsayawa kowace Oktoba da tiyo a hannu. Na kicin. Na wanke hannu. Na wanka. Na masai. Verla ta fito ta buɗe na waje. Sannan ta koma ciki, a daɗe ana jiranta har ya fara ƙorafi, sai bugun ƙarshe ya zo daga can baya, daga wannan bangon da ya kumbura.

Motar ta zo da wurin sa injin wanki a ɗakin kwana, da famfonsa a bango. Verla ta ce ba ta so, ita gidan wanki na cikin gari take zuwa don a can ake jin labarin kowa, wurin kuma a mayar mata kabad na tufafi. Shi da hannunsa ya rufe famfon da ɗan falle na katako, shekara goma sha biyu da suka wuce, ya manta da shi sarai.

Ya shiga ya janye tawul, ya buɗe ƙofar ɗakin. Daɓen ya lotsa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya buɗe kabad ɗin. Rigar sanyinta mai ruwan bula, da rigunan zuwa coci, da suwaitar da take saƙa masa ba ta gama ba, duk sun jiƙe daga ƙasa, baƙar fumfuna ta hau su har kafaɗa. Wata uku yana ajiye wannan kabad ɗin a ransa, yana cewa ranar da ya samu ƙarfin zuciya zai buɗe ya shaƙi ƙamshinta. Ya kai rigar hanci, babu komai sai warin ruɓa.

Ya ture tufafin ya cire fallen katakon. Ga tsagar nan a wuyan famfon, ba ta kai tsawon farce ba, tana tsartuwa. A ƙasa ga wata 'yar roba da Verla take tarar ruwa da ita, ta cika tana ambaliya. A bayan katakon kuma, da fensir, da rubutunta mai kwanciya, kwanan wata ne a jere, Oktoba bayan Oktoba, guda goma sha ɗaya, ranakun da ta buɗe wannan famfon ta fitar masa da ruwa. Yana durƙushe yana kallonsu injin ya yi gurnani, ya ga tsartuwar ta ƙara ƙarfi da idonsa.

"Kashe injin," ya ce wa Hoyt. "Ka miƙo mini akwatin aiki."

Aikin bai kai minti goma ba. Ya yanke bututun, ya toshe bakinsa, ya ɗaure. Daɓen ne ya ci musu sati biyu, suka ɓamɓare ruɓaɓɓen katako suka sa sabo. Tufafin kuwa buhu huɗu suka yi, matar Hoyt ta wanke wasu har sau uku, ba su wanku ba. Janelle ta zo a Maris, ta taka ko'ina, ta bubbuɗe kabad, ta ce, "Baba, ashe har ka iya kwashe kayan Mama. Na yi zaton ba za ka iya ba." Bai gyara mata zance ba.

Har yanzu yana zuwa hamada. Ƙafafunsa na nan suna leƙowa daga ƙarƙashin motocin mutane, sai dai ya rage faɗa, in ya ji injin ruwan wani na tashi shi kaɗai yakan fara tambaya ko mutum nawa ne a gidan. A bayan ɗan katakon nan an ƙara kwanan wata biyu da rubutunsa mai kaushi, kodayake babu sauran famfo a wurin.

Motarsa ba ta yoyo ko ɗigo, Hoyt ya duba da kansa. Amma da la'asar, in Hoyt yana zaune a inuwar tasa motar, yakan ji gajeren gurnanin nan daga can, sai shiru, bayan minti ashirin ya sake ji. Ta taga yana hango Orval ya taso daga kujera, ya je kicin ya buɗe famfo ya rufe, bai ko jiƙa hannu ba, ya koma ya zauna ya juya wa famfon baya.