Maɓalli Ɗaya Kowace Safiya

Ka taɓa koya wa mutum abu har ya haddace tsaf, sannan ya take shi a gabanka? Malama Lieu ta gani sau goma sha ɗaya cikin wata biyu, kuma duk ta rubuta.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da Turanci a wata sakandare a garin Hoi An. Da ta yi ritaya sai ta ɗauki ɗalibi guda, autansu Khoa, tela mai shago a bakin kogi, wanda kusan duk cinikinsa da baƙin Turawa ne. Darasinta ƙananan kalmomin nan ne da ke zuwa kafin aikatau: "can" in za ka iya, "might" in babu tabbas, "can't" in babu hali. Jimla arba'in ta rubuta masa a bayan kwali. Da ta gwada shi, ya ci arba'in cif.

Ran Talata, bakwai da minti goma na safe, wani dogon Bature ya shigo yana son kwat uku kafin ƙarfe huɗu. Lieu na gefe da kwanon taliya, ta ji ƙaninta ya washe baki ya ce, "Can, can!"

Baturen na fita ta dire kwanon.

"Auta, keken ɗinki nawa gare ka?"

"Biyu, Yaya."

"Hannu fa?"

"Haba Yaya."

"Kwat ɗaya awa tara take ci maka, ni na auna. Ko fatalwa ka ɗauka aiki ban sani ba? Ba 'can't' ce a layi na bakwai na kwalinka ba?"

"Na san ta! Amma shi ya buɗe min kasuwa yau. In kori mai sayen farko, in wuni ina korar ƙuda? Mama ba ta taɓa yi ba."

"Mama ganye take sayarwa, ba alkawari ba!"

Da kwat ɗaya Baturen ya tafi, yana ta faɗa. Da yamma manajar otal ɗin da ke turo wa Khoa baƙi shida cikin kowane goma ta bugo waya: in ya ƙara saɓa alkawari ko sau ɗaya, telan tsallaken titi za ta koma wa.

Lieu ta buɗe littafinta ta bi goma sha ɗayan nan da yatsa. Duk kafin bakwai da rabi na safe ne, kuma ga mai sayen farko. Daga nan har a rufe shago, Khoa kan ce ba zai iya ba ko ƙifta ido babu. Ta yi tsaki mai tsawo. Wata biyu tana gyaran inda ba ya ciwo.

Washegari shida da rabi, Khoa na ɗaga ƙofar shago ya same ta tsaye, hular kwano a kai.

"Maɓalli ɗaya nake so. Baƙi."

"Ɗauki mana, Yaya."

"Sayar min za ka yi, sakarai. Karɓi kuɗin da hannu biyu, ka yi min murmushin nan naka na Turawa."

Ya karɓi dong dubu biyu, kuɗin ƙasarsu, yana dariya.

"To, an buɗe maka kasuwa. Duk wanda ya shigo yanzu, mutum ne kawai."

Bakwai da kwata wata Baturiya ta nemi rigar biki kafin rana tsaka. Khoa ya saci kallon yayarsa, ya ce yau ba zai iya ba, jibi dai zai iya. Matar ta ce jibin ya yi mata.

Yanzu maɓallai ɗari da tara ne a gwangwanin Lieu, kuma ba ranar da ba ta mitar sammako da ciwon gwiwa. In kana da ɗalibi mai taurin kai, ajiye alli na mako guda, ka riƙa rubuta ƙarfe nawa yake kuskuren. Gwada ka gani.