Ragon Kawu Jelani da 'Yan Ƙwallon Tsibiri

Duk wanda ya taɓa zama da Kawu Jelani, ko na shan ruwa ne, ya ji tambayar nan tasa. Ka nuna masa mutum, ba zai nemi sanin sunansa ko garinsu ba. Sai ya karkace hula ya ce, "To, wa ka yi mai noma?" A wurinsa, in bai san wanda ke noma wa mutum abin da yake ci ba, to bai san mutumin ba. Ya yi wa direbobin tirela tambayar nan a kasuwar Bodinga. Ya yi ta a kan mutanen cikin wani jirgin sama da ya gifta ta saman fadamarmu. Likitan da ya duba masa gwiwa ma bai tsira ba. Bawan Allah yana cikin rubuta magani sai ji ya yi an ce, "Likita, kai kana nan wuni guda, to wa ka yi maka noma?"

Ni Bashar ne, ɗan ƙanwarsa. Gyaran waya nake yi a ƙauyenmu na wajen Danchadi, kun ga ke nan ni kaina ban taɓa cin jarrabawar Kawu ba.

Ga kuma riƙo, kai jama'a! Mutum ne mai rumbun albasa, amma in matarsa Inna Hajo za ta ɗora miya, shi ke shiga ya zaɓo mata wadda ta fara tsiro. Yana da wani rago fari da ya daɗe yana kiwo. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, kullum sai ya sayo wani ɗan ƙyamusasshe ya yi layya da shi, ya ce babban bai ƙosa ba. Ragon kuwa har ya fara tafiya yana nishi. Inna Hajo takan ce da ana sake haihuwar mutum, ita ragon Jelani za ta dawo, ko ta samu a riƙa tambayarta ko ta ƙoshi.

Ƙwallo kuwa ba abin da ya tsana kamarta. In ya wuce gidan kallon Sanusi ya ji samari na ihu a kan ƙungiyoyin Turai, sai ya leƙa ya ce, "Ƙatti ashirin na bin hwata guda, ba mai ko kuyya ɗaya ta gero! Ku kuma kuna taɓa musu."

To, wata rana da hantsi, cikin rani, ina gidan kallon ina daidaita wa Sanusi tasoshi, sai ga Kawu ya shigo da rediyonsa in gyara masa, kyauta mana. Ina cikin latse-latse muka faɗa wata tasha da ba mu taɓa gani ba. Ƙwallo ake yi a wani ɗan fili, 'yan kallo na zaune a ciyawa, bayansu itatuwan kwakwa, bayan itatuwan kuma ruwa ne shuɗi har iyakar ganin ido.

"Wanga wane dam na?" in ji Kawu.

Na ce, "Teku ne, Kawu."

"Ya hi na Shagari?"

Sanusi ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Na yi wa Kawu bayani cewa ƙasashe ne ƙanana, kowace ruwa ya kewaye ta, kuma kowace ta aiko ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a gida, su kara a fitar da zakara. Ya tsura wa masu koriyar riga ido, ya taɓe baki, na san abin da ke tafe.

"To, wa ka yi musu noma?"

Ikon Allah, a daidai lokacin mai sharhi yake ba da labarin 'yan wasan, ni kuma ina ɗan tsintar Turanci. Na ce, "Kawu, su da kansu. Ya ce wancan dogon masunci ne, wancan malamin makaranta, mai tsaron gida kuma manomin gwaza ne, sai ya taso daga gona yake zuwa atisaye."

Kawu ya ajiye rediyo. Ya jawo benci, ya zauna, ya cire takalmi. Ya ce, "Ka ga ɗiyan mutane."

Ranar aka zura musu ƙwallaye har na daina ƙirga. Manomin gwaza ya yi ta faɗuwa hagu da dama, Kawu yana cewa, "Gajiyar gona ta, ku ƙyale shi." Sunan ƙungiyar ya fi ƙarfin bakinsa, ni ma nawa, don haka tun daga ranar suka zama "ɗiyana". Ya kafa mini doka, duk ranar da za su yi wasa in sanar da shi tun a masallaci. Ladan kallo kuwa albasa yake kawo wa Sanusi, irin ta miyar Inna Hajo.

Labari ya bazu. Samari suka samu abin yi. In ya zo wucewa sai a ce, "Kawu, ya ɗiyan gwaza? An ce ragarsu ta yage!" Ya daure, ya daure. Ran nan bayan la'asar, a gaban mai shayi, Sanusi ya ce wai ko akuyoyin Kajiji aka saka wa riga sai sun ci ɗiyan Kawu. Nan fa ran tsoho ya ɓaci. Ya miƙe, ya buga sanda a ƙasa.

"Ku shaida! Ran da ɗiyana sunka ɗauki kohin ga, ragona hwari ni ka yanka shi, kowa shi ci!"

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Kawu Jelani, nama, kowa ya ci? Sanusi ya ce, "Kawu, maimaita, akwai wanda bai jiya ba." Ya kuwa maimaita.

Wallahi washegari garinmu ya tashi da magoya bayan koriyar riga. Mutanen da ba su san ko a sama tsibirin yake ko a ƙasa ba, su ne ke zuwa shagona suna tambaya yaushe ne wasan yaranmu. Sanusi ya yafe albasa, ya ware wa Kawu kujerar roba a gaba. Gaisuwa ma ta sauya. Sai ka ji an durƙusa an ce, "Kawu, an tashi lahiya? Ƙaƙa rago?" Wani ya kawo harawa, wani dusa. Kawu ya karɓe duka, ya daina sayen abincin dabba gaba ɗaya.

Abin mamaki, sai yaran suka fara ci. Suka yi kunnen doki, suka ci wani wasa da ƙyar, suka sake ci, sai ga su sun fito daga rukuni. Manomin gwaza ya koma tare ƙwallo kamar an yi masa asiri. Kawu ya ce ba wani asiri, sun gama girbi ne, hankalinsu ya kwanta.

Wasan kusa da na ƙarshe ya faɗo a bazara, lokacin da mu nan zafi ya ishe mu, gonaki a share, iri a ƙwarya, sama kuwa ko ɗigo. Muka cika gidan kallo, aka kunna, sai muka ga ruwa na zuba a tsibirin kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama tafki. Aka ɗage wasa. Aka sake sa rana, aka sake ɗagewa. Kawu ya zauna yana kallon ruwan nan yana kwarara cikin teku a banza, idonsa har ya kawo ƙwalla.

Ranar da aka fita roƙon ruwa bayan gari, ana idarwa ya ratsa sahu ya durƙusa gaban liman.

"Allah shi gahwarta Malam, na gano inda ruwanmu yat tahi."

Liman ya ce, "Ina, Jelani?"

"Shina wurin ɗiyana. Ya yi musu yawa, mu kuma ba mu da shi. Ba sabo za a roƙa ba, Malam. A roƙa a kwaso wancan a kawo nan, kowa shi huta."

Liman, dattijo mai kamewa, ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Taskar Ubangiji ba ta ƙarewa, Jelani, amma mu ɗaga hannu." Aka ɗaga. Ban taɓa jin amin mai ƙarfin ta ranar ba, kuma Allah ne kaɗai ya san nawa ce ta ruwa, nawa ce ta rago.

Ruwan tsibiri ya ɗauke, aka yi wasa, ɗiyan Kawu suka kai wasan ƙarshe. Namu ruwan kuma ya zo, mai yawa, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Sai dai ya zo ne da daddare, ana gobe wasan ƙarshe.

Kun san yadda shuka take, ba ta jira. In ƙasa ta jiƙa yau, yau ake sa iri, in ka bari rana ta bi ta kai, sai kuma wani ruwan, wanda ba ka san ranarsa ba. Kawu ba shi da ɗa namiji, 'ya'yansa mata duk suna gidajensu, ga gwiwa ta ƙi. Gonarsa ta tudu kuwa ba ƙarama ba ce. Ga shi tun rani ba abin da yake jira kamar wasan nan. Na same shi bayan asuba yana ɗaura sungumi a keke, na ce, "Kawu, wasa da hantsi ne fa."

"Na sani."

"To ka bari mana sai an tashi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni Jelani, in zamna kallon ƙwallo ruwa na ƙasa? To wa ka yi min noma?" Ya tura kekensa ya tafi, yana ɗingishi. Na tsaya ina kallon bayansa, tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na san abin da ya bari.

Samari kowa ya yi sammako ya taɓa gonar gidansu, hantsi na yi aka sulale zuwa gidan kallo. Wuri ya cika maƙil, kujerar roba kaɗai ce ba kowa. An kusa take wasa Sanusi ya zabura.

"Kai, ku tsaya! In yaran ga sunka ci Kawu bai gani ba, kun san mi za shi cewa? Cewa za shi yi shi bai gani ba. Rago ya tsira!"

Ai kuwa kafin ka ce me, an kashe talabijin. Na ɗauki babbar wayata, aka hau babura uku-uku, sai gona. Muka tarar da shi shi kaɗai, ya sara rami, ya dawo ya zuba iri, ya take da ƙafa, ko kwatar gonar bai yi ba. Na miƙa masa waya na ce, "Kawu, ga ɗiyanka, an fara." Ya kawar da kai.

"Ba ni dubi sai an ƙare shuka."

"Haba Kawu!"

"Ko ido ɗaya."

Sanusi ya dubi gona, ya dubi waya, ya tuɓe rigarsa ya fizgi sungumi. Aka aika maƙwabtan gona aka aro wasu. Masu sara na gaba, masu iri na biye, ni an rataya mini waya a wuya ina bin kuyya ina shelar abin da ke faruwa. Ban taɓa ganin shuka da gudu haka ba. Sanusi, wanda rabonsa da gona tun yana makaranta, ga shi yana haki yana cewa, "Bashar, nawa-nawa?" Kawu kuwa ya koma inuwar aduwa ya harɗe, yana gyara mana aiki. "Kai, ramin ga ya yi zurhi! Kai kuma rage iri, ba na ubanka ba na!"

Muka take ramin ƙarshe ana shirin bugun fenariti, don wasa ya tashi ba wanda ya ci wani. Muka taru a gindin aduwa, kai bisa kai, Kawu a tsakiya da waya a tafinsa. Manomin gwaza ya tare ɗaya, muka yi ihun da ya kori tsuntsaye. Sai masuncin nan dogo ya zo bugun ƙarshe, ya ɗaga ta sama, ina jin cikin teku ta faɗa. Shi ke nan, kofi ya tafi wani tsibirin.

Ga gumi, ga ƙasa a jiki, ga ba rago. A waya an nuno manomin gwaza ya durƙusa yana kuka, Kawu ya shafa fuskar yaron a jikin wayar da babban yatsa, a hankali ya ce, "Tashi, ɗana. Ku koma gida, kun daɗe, gona na jira." Sannan ya miƙo mini wayar, ya kakkaɓe riga.

"Sanusi, ku tai ku kamo ragon ga."

Sanusi ya ce, "Kawu, ai ba su ci ba."

"Na ce sun ci? Na kohi ya hwaɗi, babu shi. Wanga na gayya na. Ina kunka taɓa jin an yi wa mutum gayya ya sallami mutane da yunwa?"

Aka yanka rago ranar, Inna Hajo ta ce a ba ta hanta ita kaɗai, ladan shekarun da ta yi tana kishi da dabba. Aka nemi albasar suya, Kawu ya shiga rumbu da kansa. Kun san wadda ya fito da ita. Har yau muna gardama da Sanusi. Shi ya rantse tun da asuba Kawu ya shirya abinsa, ya san za mu biyo shi gona. Ni kuma na ga bayansa lokacin da yake tura keken nan, ban ga alamar yana sa ran kowa ba.

Kawu bai ci geron ba. Ya kwanta ciwo gero na fitar da kai, ya cika kafin kaka. Mu da muka shuka, mu muka yanke, muka ɗaure, muka kai wa Inna Hajo rumbu. Ba wanda ya kira gayya, kowa dai ya ɗauko laujensa ya fito. Muna cikin aiki Sanusi ya miƙe zai yi barkwanci, ya ce, "To, wa ka yi wa Kawu..." sai ya sunkuya ya ci gaba da yanka.

Allah ya jiƙanka, Kawu Jelani. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka kamar ƙasar da ta sha ruwan fari, ya sa ka tarar da abin da ka shuka ya yi kyau. Ta nan kuwa kada ka damu, mu ke yi maka noma.