Yawon Na'omi

Na'omi 'yar Jiratawa ce. Tun tana budurwa take kai zogale da tumatir kasuwar Maradi a ƙafa, kwando bisa gammo, ido a ƙasa saboda ƙaya. Da wannan tallar ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, har ɗanta Yonatan ya gama karatun lakwal ya zama ma'aikacin jinya. Da wuyanta ya fara ciwo sai ta bar ɗaukar kaya, ta koma zama a unguwar Sabon Gari cikin Maradi.

Yonatan ya sami aiki a wani ƙaramin gari a Ingila. Da matarsa Bege ta haihu, aka kira Na'omi ta je ta kula da mai jego. Wata Lahadi bayan sujada ya kawo mata takalmi mai kauri, ya ce su fita. Suka bi wata siririyar hanya ta bayan gari, suka buɗe ƙyauren gonar mutane suka ratsa, ba wanda ya tanka musu. Ga tumaki na kiwo ba makiyayi, yayyafi na zuwa yana ɗaukewa. Suna ta gamuwa da tsofaffi masu sanduna, ba mai ɗauke da komai sai gorar ruwa. Da tafiya ta miƙa, ta tambaye shi gidan wa za su.

"Ba gidan kowa ba, Inna. Fitowa muka yi mu ga ƙasa."

Ta yi ta dariya har sai da ta dafa shi. Suka isa wani ƙauye mai gidajen dutse, suka zauna a inuwar tsohuwar majami'a suka sha shayi. Daga ranar, ita ce mai tuna masa in Lahadi ta zo.

Ta dawo Maradi da kaka, ana cikin ɗaurin hatsi. Ba ta daɗe ba ta leƙa wurin maƙwabciyarta Zuliha mai ƙosai, ta ce ta raka ta Jiratawa a ƙafa. Zuliha ta tambaya ko rasuwa aka yi. Da ta ji ba komai, ta ce zaman Turai ya taɓa kan ƙawarta, amma ta ɗauko mayafi.

'Yan kabu-kabu suka yi ta tsayawa, wani ma ya ce zai kai su kyauta, Na'omi tana godiya tana wucewa. Kusa da gulbi ta tsaya gindin wani gawo ta ɗaga kai. Ta ce ta san saiwarsa sarai, ta sha tuntuɓe da ita, amma ba ta san balbelu na taruwa a kansa haka ba. Suka zauna bakin magudanar ruwan lambu suka tsoma ƙafa, manoma na gaishe su daga nesa.

A mota suka koma, Zuliha na mitar ƙafarta har ƙofar gida. Sati na zagayowa sai ga ta da sassafe, da ƙosai a ƙunshi.

"Uwar Yonatan, yau Tsibiri za mu. Ƙanwata na can, ta ce kurnar bayan gidansu ta nuna."